Dattijo mai gyaran hannun ƙofa da jamlok a Ƙofar Ruwa, ga yadda na ga aikinsa

Masu yawan tambaya wai ina za a samu wanda zai gyara hannun ƙofa ko ya canza jamlok, wato jikin makullin da ake cusawa a cikin bakin ƙofa, ba tare da ya farfasa ma mutum ƙofa ba, toh ni dai akwai wani dattijo a kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano, ta ɓangaren 'yan kayan gini, da na damƙa ma aikin ƙofofin gidanmu kaf, kuma zan faɗi abin da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin. Ba zan sa sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba. Shagon ɗan ƙarami ne, akwai wani allon katako a bakin ƙofa da aka ɗaure hannuwan ƙofa iri-iri a jiki yadda za ka kama ka murɗa ka ji da hannunka, ga injin yankan makulli a gefe, ga tarin tsofaffin jamlok a cikin wani bokitin fenti waɗanda yake ciro kayan ciki daga jikinsu. Yana sayar da kaya kuma yana zuwa gida ya ɗaura, shi da yaronsa guda.

Gidan namu gidan gado ne, ɓangaren da mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya gina yana da ƙofofin katako masu nauyi da makullan Union irin na da ɗin nan masu dogon ɗan makulli, sai kuma ɓangaren da aka ƙara daga baya wanda aka sa masa ƙofofin fulosh na filawud, ƙofar shigowa falo kuma irin ta ƙarfe ce 'yar China. Kowacce da ciwonta. Wani hannun ya saki ya langaɓe ƙasa baya komawa daidai sai ka ɗaga shi da kanka, wani idan ka ja da ɗan ƙarfi sai ya biyo ka da notinansa, na banɗakin yara yana ƙin buɗuwa ta ciki, ƙofar falo kuma sai ka yi ta jijjiga makulli kana lallaɓa shi kafin ya juya, ga ta ɗakin Hajiya mai hannun nan zagayayye kamar ƙwallo da ba ta iya murɗawa saboda ciwon gaɓoɓin yatsu, kullum sai dai a bar mata ƙofa a sakaye ko a cikin sanyi ne.

Abin da ya fara burge ni da mutumin nan shi ne ya ƙi sayar min da komai ranar da na fara zuwa. Na nuna wasu hannuwa masu kyau a allon na ce a ba ni saiti-saiti, sai ya ce min Alhaji ka zo da awo? Na ce a'a ai hannun ƙofa hannun ƙofa ne. Ya ce a'a ranka ya daɗe, idan na ba ka wannan ka je bai hau ba, kafintan da za ka kira ba zai dawo min da shi ba, sabon rami zai huda a ƙofarka dan ya tilasta shi ya hau, shikenan ƙofa ta samu rauni. Sai ya ɗauko jamlok biyu ya ajiye a kan benci ya nuna min da tef. Daga tsakiyar ramin nan mai kusurwa huɗu da ƙarfen hannu yake shiga zuwa tsakiyar ramin makulli, a irin na Ingila mai dogon makulli milimita 57 ne, a masu silinda kuwa, wato guntun ƙarfen nan da ɗan makulli yake shiga wanda ake iya zarewa daban, yawanci 72 ne ko 85, toh ka ga idan farantin hannunka na 85 ne jamlok ɗinka kuma na 72, ramin makulli ba zai taɓa haɗuwa ba ko me za ka yi. Akwai kuma nisan da ke tsakanin bakin ƙofa da tsakiyar hannun, shi ma ba ɗaya ba ne, ga kaurin ƙofar kanta wanda shi yake nuna tsawon ƙarfen tsakiya da za a sa. Shi ƙarfen tsakiyar yawanci kaurinsa milimita 8 ne, amma akwai masu 7 da suke yawo a cikin kayan arha, idan ka sa mai 7 a ramin 8 sai hannu ya riƙa wasa yana ƙas-ƙas tun yana sabo, a hankali ya cinye ramin. Wallahi tunda nake sayen irin kayan nan ba mai shagon da ya taɓa tsayawa ya min wannan bayanin, kowa miƙo maka kwali yake ya ce ai zai yi. Ya ce ko dai na kwance tsofaffin na kawo, ko kuma ya zo gida ya duba da kansa na biya kuɗin adaidaita sahu. Na zaɓi ya zo.

Da ya zo ɓangaren tsohon gini ya fara, kuma nan ne na fi jin daɗinsa. Ni a raina makullan Union ɗin nan sun gama yayi, cire su za a yi a zubar. Ya kwance hannu, ya zare notina biyu na bakin ƙofa, ya zaro jikin makullin gaba ɗaya daga cikin katako, ya shimfiɗa tsumma a barandar tsakar gida ya buɗe murfin. Abin da ke ciki kam sai wanda ya gani, shekara da shekaru duk wanda ya ji ƙofa ta yi tauri sai ya ɗiga mata man gyaɗa ko baƙin mai, ga jar ƙurar hunturu tana shiga ta ramin makulli tana zama a kai, duk ya haɗu ya daskare kamar kwaɓin lalle da ya kwana. Ya ciro 'yan farantan tagulla guda 3 da ɗan makulli yake ɗagawa, ya jera su a kan tsumman bi da bi yadda ya ciro su, ya ce wa yaronsa kai kar ka taɓa min su, idan suka cakuɗe makullin ƙofar nan ba zai buɗe ba. Ya wanke komai da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sai ga ciwon ya fito fili, wani ɗan siririn sifirin da yake tura harshen ƙofar waje ne ya karye gida biyu, shi ya sa hannu ya langaɓe. Daga cikin 'yar jakarsa ya zaro wani da ya ciro a tsohon makulli irinsa, ya ɗan lanƙwasa shi da fulaya ya zauna daram, ya shafa giris kaɗan a inda ƙarfe yake gogar ƙarfe kawai, ya mayar da murfi. Da ya danna hannun ya saki sai ka ji ƙas, ya koma sama da kansa. Ya juya min jikin makullin ya nuna min tambarin, ya ce wannan ɗan Ingila ne na asali Alhaji, kar ka yarda wani ya ce zai musanya maka shi da sabo. Kuma gaskiya ne kamfanin Union daga garin Willenhall na Ingila ya fito, garin da tun da can aka san shi da ƙera makullai. Mutumin da sana'arsa sayar da sabon kaya ce ya zauna a ƙasa ya gyara tsoho ya ce kar na saya, ni a wajena wannan kaɗai ya isa shaida.

Ƙofa ɗaya a ɓangaren ma ba makullin ne ke da laifi ba. Harshen ne baya shiga raminsa na jikin firem sai an ɗaga ƙofar da ƙafa. Yaron har ya ɗauko abin fiƙe katako, Malam ya ce ajiye. Ya duba hinjin sama ya ga notinansa sun saki ƙofar ta ɗan zauna, ya ɗaure su, sannan ya ɗan goge bakin ƙarfen jikin firem da magagari, shikenan ta rufu. Ya ce katako yana kumbura da damina ya motse da hunturu, idan ka fiƙe shi da yawa a watan Agusta dan ya rufu, toh Janairu na zuwa za ka ga kafa da iska da ƙura za su riƙa shigowa, kuma abin da ka fiƙe baya dawowa.

Ƙofofin fulosh ɗin su ne suka ba shi wahala. Wanda bai sani ba ya sani, irin ƙofar nan cikinta fanko ne, filawud ne gaba da baya sai ɗan katako a gefe-gefe da wani guntu da ake sawa a inda makulli zai zauna. Hannuwan da suke kai an ɗaure su ne da 'yan gajerun notinan katako da suka kama fatar filawud kawai, yara suna ja suna lilo, rami ya buɗe, noti ya daina kamawa. A ɗaya daga ciki ma da ya ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba sai ya gano wanda ya rataya ƙofar tun farko ya juya ta, guntun katakon makullin ya koma ɓangaren hinji, shi kuma jamlok yana zaune a cikin fanko ba abin da ya riƙe shi. Sai da ya sassaƙa katako ya cusa ta ramin jamlok ɗin da gam ɗin Top Bond ya bar shi ya kwana ya bushe, washegari ya dawo ya sake fafe wurin da cizil. Sauran ramukan da suka buɗe ya cike su da tsinkayen katako da gam. Amma babban maganin da ya yi shi ne ya canza ɗaurin zuwa irin dogon notin nan da yake ratsa ƙofar ya fita ya kama hannun ɗaya ɓangaren, wato hannu biyun su suke riƙe da juna, ƙofar tana tsakiya a matse, ba ruwansu da ƙarfin filawud. Duk mai yara a gida ya nemi irin wannan ɗaurin, ina roƙonku, ya fi komai muhimmanci a ƙofar fulosh. Sai dai a duba jamlok ɗin yana da ramukan da notin zai ratsa, dan ba kowanne ne ke da su ba.

Maganar ingancin hannuwan da yake sayarwa, yana da aji-aji kuma baya ɓoye maka. Akwai masu ƙyalli kamar zinare masu nauyi a hannu da mutane suke rububi, ya ce min wannan zink ne aka zuba a mazubi aka yi masa fenti, nauyin kar ya ruɗe ka, idan ya ji wuya karyewa yake ɓas a wuyan hannun kuma ba ya walduwa, ga gumi da ruwan alwala suna cinye ƙyallin ya koma dabbare-dabbare. Akwai na alminiyam marasa nauyi, su ba sa tsatsa amma ramin cikinsu yana saurin cinyewa. Sai na sitenles, su ya ba ni shawara a kan ƙofofin da ake yawan shiga da fita da kuma banɗaki. Na ce masa ai na ji ana gwadawa da mayen ƙarfe, idan bai kama ba toh sitenles ne na gaske. Ya ɗauko mayen ƙarfen ya manna a jikin na zink ɗin, bai kama ba, ya manna a na alminiyam, shi ma bai kama ba, ya ce ka gani, wannan gwajin ƙarfe mai tsatsa kawai yake tona wa asiri. A cikin sitenles ɗin ma akwai mai lamba 304 akwai mai 201, duka biyun ba sa kama maye sosai, amma 201 yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa a wuri mai laima. Ya ce ka juya bayan farantin ka duba, na zink za ka ga layin mazubi da toka-tokan jikinsa. Ya kuma gaya min a fili cewa kwali da tambarin babban kamfani ba hujja ba ne a kasuwa yanzu saboda jabu sun yi yawa, shi abin da yake dubawa shi ne ƙarfin sifirin da kaurin ƙarfen bakin jamlok. Wani abu ƙarami da na koya a wurinsa, irin hannuwan nan marasa dogon faranti suna da wani ɗan mitsitsin noti a ƙasan wuyansu da ake ɗaurewa da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kusurwa shida, yawancin masu cewa hannu ya lalace wannan notin ne kawai ya kwance. Ya bar min alankin ya ce lokaci-lokaci na riƙa bi ina matsewa.

Ƙofar falo 'yar China silindarta ce ta gaji, shi kuma jikin jamlok ɗin lafiyarsa ƙalau, dan haka silindar kaɗai ya canza, noti ɗaya ne dogo a bakin ƙofa yake riƙe da ita, ka sa makulli ka ɗan karkata ta zaro. Ya auna daga ramin notin zuwa kowane ɓangare daban, dan su silindun nan akwai mai tsawon 60 akwai 70 akwai 80 har 90, kuma wasu ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya ce kar ta leƙo waje fiye da milimita 3 daga jikin faranti, idan ta leƙo da yawa ɓarawo ya samu abin kamawa ya karya. Sannan ya ja kunnen kowa a gidan kar a ƙara zuba mai a ramin makulli, idan ya yi tauri a goga bakin fensir a jikin ɗan makullin a sa a zare a sa a zare. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya tambaye ni da daddare ina kuke ajiye makullin ƙofar nan? Na ce wani lokaci a jiki wani lokaci a ɗaki. Ya kalli tagoginmu duk da ƙarafunan bagila, ya ce Allah ya kiyaye gobara, idan wuta ta tashi cikin dare ga hayaƙi ga duhu wa zai tsaya neman makulli? Ya ba ni shawarar silinda mai makulli ta waje, ta ciki kuma ɗan maɓallin murɗawa da hannu. Duk wanda yake Kano ya san yadda gobara take yawa lokacin sanyi, kuma gidajenmu mun kulle su da ƙarfe ta ko'ina, ƙofa ɗaya ce mafita. Ban yi gardama ba. Shi da kansa ya ƙara da cewa banda ƙofar da take da gilashi ko taga kusa da ita da za a iya zuro hannu, namu kuwa ba ta da shi.

Banɗakin yara ya sa masa irin wanda ba makulli, ta ciki murɗawa ake, ta waje kuma akwai tsaga da za ka sa kwabo ko bakin cokali ka buɗe idan yaro ya kulle kansa. Ɗakin Hajiya ya cire mai ƙwallon ya sa dogon hannu mai taushin sifirin, ya kira ta ya ce Hajiya zo ki gwada da kanki kafin na ƙarasa ɗaurewa, ta danna da gefen hannunta ba sai ta damƙa ba ta buɗe, ta yi ta sa masa albarka. Yanzu tana rufe ɗakinta da daddare ta buɗe da asuba ba sai ta kira kowa ba.

Toh sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma dole na faɗa. Mutumin nan ba ya cika alƙawarin lokaci. Ya ce bayan azahar sai ga shi ana shirin magariba, rannan ma bai zo ba sam kuma bai kira ba, waya kuma idan yana kan aiki baya ɗagawa, ga ƙofar ɗaki a kwance ba jamlok mutane suna jira, wannan ya ɓata min rai ƙwarai dan mai gida da iyali ba zai so ƙofa ta kwana a buɗe ba. Yaron nasa hannunsa bai nuna ba tukuna, sukundireba ta kuɓuce masa ta karce fentin ƙofar falo dogon layi, Malam ya yi masa faɗa ya ba ni haƙuri amma karcen yana nan. A ƙofar Hajiya mai ƙwallon ya bar babban rami zagayayye, ya toshe da katako ya rufe da dogon faranti amma gefen yana ɗan leƙowa kuma bai shafa masa fenti ko banish ba, ya ce wannan aikin mai fenti ne, ni kuwa ina ganin wanda ya iya wancan aikin na cikin makulli bai kamata ya bar wannan ba. Ba sa share wuri idan sun gama, garin katako da guntayen notina sai da muka bi muka tsince saboda masu rarrafe. Ba ya ba da rasit, garantin nasa na baki ne, ko da yake da hannun kicin ya fara wasa na kira shi ya zo ya canza ƙarfen tsakiyar bai karɓi ko sisi ba. Sannan idan kai mai son ado ne, baƙaƙen hannuwan nan na zamani ko masu buɗewa da yatsa da lambobi, ba shi da su, kayansa na amfanin yau da kullum ne.

Kuɗi kuma ba zan ce yana da arha ba. Saitin sitenles ɗin ya ninka mai ƙyallin nan fiye da sau biyu, kuma kowa ya san tun 2023 da aka saki darajar naira duk abin da ake shigowa da shi daga China ko Turkiyya farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, dan haka abin da na biya ba lallai shi za ku tarar ba, ku tambaya ku yi ciniki, yana ragi kaɗan a kuɗin aiki amma a kaya da ƙyar yake motsawa. Sai dai da na yi lissafi, makullan tsohon gini duk gyara aka yi, ƙofar falo silinda kawai aka saya ba saiti ba, toh abin da na kashe bai kai abin da na yi niyyar kashewa ba da na je da nufin canza komai. Yana karɓar tiransifa. Idan za ku je ku kwance tsohon hannun da jamlok ɗin ku tafi da su a leda, ko ku ɗauki hoton bakin ƙofa da gabanta da tef a jiki, ku je da safe kafin kasuwar ta cika da manyan motocin rodi da siminti, ranar Juma'a kuma kar ku je da rana dan yana rufewa ya tafi masallaci. Wanda aikinsa na gaggawa ne, yau-yau yake so, gara ya kai masa kayan shago ya zauna a gyara a gabansa da ya zauna a gida yana jiransa.